Kajina sun mutu bayan na ɗaga wa mahaifiyata murya: me Allah yake nuna mini?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Funtuwa. Tun muna yara mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saba mana da cewa mumini ba ya barin abu ya wuce shi bai ɗauki darasi ba. Yau wannan tarbiyyar ta zame mini abin tsoro.

A hunturun da ya wuce na kwashi adashe, na sayi 'yan tsakin buroila kwali biyu, guda 100, da niyyar in sayar da azumi. Kafin su iso, Inna ta kira ni ta ce in ba da kuɗin a yi hidimar bikin ƙanenmu. Na ce ba zan iya ba. Magana ta yi tsawo, na ɗaga mata murya, har na kashe wayar tana cikin magana. Ba ta yi mini baki ba, amma tun ranar gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau".

Kajin sun taso gwanin sha'awa, har na ɗora hotonsu a WhatsApp. Na yi musu rigakafi, duk da dai maganin ya kwana biyu a firij babu wuta kafin in ba su. A sati na huɗu suka fara takurewa, gashinsu a hargitse, suna farin zawo. Cikin kwana biyar 57 suka mutu, sauran kuma suka tsumbure.

Yayata ta ce hakkin Inna ne ya kama ni. Maƙwabciyata ta ce baki ne, don me zan sa hotonsu. Maigidana ya ce ƙaddara ce, in manta kawai. Tun daga nan komai ya faru sai in ce saƙo ne. Tuwo ya ƙone, wayata ta faɗa ruwa, autana ya yi zazzaɓi, duk sai gabana ya faɗi in ce ga wata ishara kuma. Ba na samun barci, ko salla nake yi tsoro ne ya fi yawa. Anti, wane darasi ne Allah yake so in ɗauka, kuma ta yaya zan san ya yafe mini?

Maman yara uku, Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan asara, Allah ya mayar miki da mafi alheri. Kada ki bari kowa ya ce miki ai kaji ne kawai. Kuɗin adashe ne da har yanzu kike zubinsa, ga abincin da suka ci buhu-buhu, ga tashin tsakar dare duba gawayi cikin sanyi. Wanda bai taɓa kwasar gawar kaji a bokiti da asuba ba ba zai gane zafin ba.

Mutum uku sun fassara miki abin da ya faru, kowa da tasa fassarar. Abin mamaki, a cikinsu babu wanda ya tambaye ki kalar kashin kajin. Ke ma a kan hanya kika faɗe shi, kamar yadda kika jefa maganar firij a rabin layi kika wuce. Ni kuwa a nan idona ya tsaya, don haka daga nan zan fara kafin mu zo kan Inna.

Alamomin da kika lissafa, wato sati na huɗu, takurewa, gashi a hargitse, farin zawo, mutuwa ta taso gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki sannan ta lafa, duk wanda ya daɗe a kiwon kaji zai ce miki sun yi kama da gumboro. Cuta ce da ta fi kama 'yan tsaki tsakanin sati 3 zuwa 6, kuma garkuwar jikinsu take karyawa, shi ya sa waɗanda suka tsira sukan yi ta ci ba sa girma. Da fakat ce, wadda ta fi addabar mutane da hunturu, da kin fi ganin koren zawo, da numfashi da kyar, da wuya yana murɗewa. Likitan dabbobi ne zai tabbatar in ya feɗe gawa ɗaya ko biyu ya duba. Shi kuma maganin rigakafin nan, na gumboro ne ko Lasota na fakat, abu ne mai rai a cikin 'yar kwalba, sanyi ke riƙe shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Daga inda aka haɗa shi, ko a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos ko a ƙasar waje, har ya iso bakin ɗan tsako, ba a so ya rabu da sanyi. In ya kwana biyu a firij ɗin da ya huce, to mai yiwuwa ruwa zalla kika ba su kina zaton kin yi rigakafi.

Ba don in ƙara miki ciwo na faɗi wannan ba. Kowace mai kiwo da kika ga ta yi nisa, in kika zaunar da ita, za ta ba ki labarin zubin kajin da ya ƙone mata hannu. So nake ki ga cewa akwai dalili a fili, wanda ido ke gani, hannu ke iya gyarawa, amma duk an tsallake shi an tafi neman na ɓoye.

A shekara ta 10 bayan hijira, Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu yana ƙarami, bai kai shekara biyu ba. A ranar aka yi husufin rana a Madina. Nan da nan mutane suka ƙulla wannan da wancan, suka ce saboda mutuwar Ibrahim ne rana ta yi duhu. Ki duba da kyau, fassara ce mai daɗin ji, ta girmama Annabi, ta kuma zo a ranar da uba ke cikin hawaye. Da ya yi shiru babu wanda zai ga laifinsa. Amma ya ja su sallar husufi, sannan ya gaya musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in sun ga haka su tashi su yi salla, su roƙi Allah, su yi sadaka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Ya tsinke zaren da mutane suka ɗaura tsakanin abubuwa biyu don kawai sun faɗo rana ɗaya. Bai kuma ce husufin abin banza ne ba, ya ba su aikin yi.

Wannan ma'aunin nake so ki riƙe. Duk abin da kika ciro daga wani lamari kika kira shi darasi, ki tambayi kanki: gobe da safe me zan yi da shi? "Maganin rigakafi ba ya kwana a firij marar wuta." Wannan kin san abin da za ki yi da shi. "Ba a kashe wa uwa waya tana magana." Wannan ma haka. To amma "Allah yana fushi da ni, shi ya sa tuwo ya ƙone", me za ki yi da shi ban da ki zauna kina jiran abin da zai lalace na gaba? Abin da bai bar miki komai a hannu ba sai faɗuwar gaba, camfi ne, ko da kuwa ya sa hijabi ya riƙe carbi. Mun iya gane tsohon camfi, irin na kukan mujiya a kan katanga, ko tuntuɓe da ƙafar hagu, ko rawar gira, har mukan yi wa kakanninmu dariya a kansa. Larabawan jahiliyya su da tsuntsu suke yi, in ya tashi ta dama su yi tafiya, in ya yi hagu su fasa, Annabi (SAW) ya hana. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne wanda ke zuwa da ayoyi a bakinsa, kuma masu tsoron Allah irinki ya fi kamawa, don wanda bai damu ba ko gidansa ya rushe ba zai tambayi kansa komai ba.

Kin zama kamar amaryar da ta faɗa gidan masu habaici, ko tari aka yi a tsakar gida sai ta ce da ita ake. Allah kuwa, tsarki ya tabbata gare shi, ba ya yi wa bayinsa habaici. Abin da yake so da abin da ya hana ya faɗe su ƙarara, ya aiko Manzo ya yi bayani dalla-dalla. Ba sai kin binciki ƙanzon tukunya za ki san matsayin uwa ba, yana nan a Suratul Isra'i, aya ta 23.

Na san abin da ke ranki, don kin ji shi a wa'azi kamar yadda kowa ya ji. Aya ta 30 a Suratus Shura ta ce duk musibar da ta same ku daga abin da hannayenku suka aikata ne, kuma Allah yana yafe da yawa. Akwai kuma hadisan da suka nuna zalunci da yanke zumunci suna cikin laifukan da ake gaggauta sakamakonsu tun a duniya. Gaskiya ne, ba zan tauye miki ko ɗaya ba. Shi ya sa istigfari a lokacin musiba abu ne mai kyau koyaushe. Amma sanin cewa zunubi yana jawo musiba daban, nuna wata musiba da yatsa a ce wannan ita ce sakamakon wancan zunubin daban. Na farko an sanar da mu. Na biyu sai wahayi, wahayi kuwa ya yanke.

Ki dubi Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira. Musulmi sun sha wuya, sahabbai kusan 70 suka yi shahada, aka ce daga ina wannan ya fito mana? Alƙur'ani ya amsa a Ali Imrana cewa daga kanku ne. Amma fa laifin sananne ne, kowa ya gan shi da ido: maharba 50 aka ajiye a kan tudu aka ce kada su sauka ko me ya faru, yawancinsu suka sauka, dokin abokan gaba ya zagayo ta nan. Tsakanin kuskuren da sakamakonsa akwai hanya da za a iya bi da ƙafa. Haka tsakanin firij ɗinki da mutuwar kajin. Tsakanin wayar da kika kashe da gumboro kuwa, babu mai iya nuna miki hanyar.

Sannan in da kowace asara alamar fushin Allah ce, yaya za mu yi da hadisin da ya ce annabawa ne suka fi kowa shan jarrabawa, sai waɗanda ke biye musu? Manzon Allah (SAW) ya rasa shida daga cikin 'ya'yansa bakwai da ransa, Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa. Suratul Fajri ma ta kawo mutumin da in an buɗa masa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, in an ƙuntata masa arziki ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni, ta ce a'a, ba haka ba ne. Duk biyun jarrabawa ce. Ciniki ba shi ne takardar shaidar yardar Allah ba, in ba haka ba da masu ɓoye hatsi sai ya yi tsada sun fi kowa kusanci da shi.

Yanzu maganar Inna. Kin yi laifi, ba zan shafa miki mai a baki ba. Ƙin ba da kuɗin ba shi ne laifin ba. Kuɗinki ne, adashe ne da za ki ci gaba da zubawa, kin riga kin yi odar 'yan tsaki, kuma hidimar biki a ƙasar nan rami ce da ba ta cika. Kina da damar cewa "Inna ki yi haƙuri, ga ɗan abin da zan iya". Laifin shi ne muryar, da wayar da kika kashe. Wanda aka hana ya ce wa iyayensa ko "tir", ina ga ya katse musu magana? Amma ki lura da wannan sosai: laifin nan ya cika laifi tun a daren da kika yi shi. Da kajin nan 100 duk sun rayu, kin sayar kin ninka kuɗinki, da bai ragu da komai ba. Abin da ke ba ni tsoro a fassarar Yayarki shi ne tana koya miki ki riƙa auna daidai da kuskure da riba da asara. Ran da kika saɓa kuma kasuwa ta yi kyau, sai ki ce ashe ba komai.

Don haka ki je wurin Inna, da ƙafarki, ba ta waya ba. Kada ki kai mata labarin kaji a matsayin dalilin zuwanki, don uwa tana gane wanda ya zo don ita da wanda ya zo don a cire masa ƙaya. Ki durƙusa ki ce, "Inna na yi miki rashin kunya ranar nan, na ɗaga miki murya, na kashe miki waya, ki yafe mini don Allah." Ki tsaya nan. Kada ki biyo shi da "amma ai ke ma". In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai ki sha, in ta yi kuka ki bar ta ta yi. Ki riƙe mata ɗan abin da ya sawwaƙa, ko sabulu da goro ne. Uwar da aka kashe wa waya ba ta yi baki ba, tana ma amsa gaisuwa, jira take a zo. Wannan ita ce amsar tambayarki ta biyu. Babu wanda ake aiko wa sanarwa cewa an yafe masa. Sharuɗɗan tuba sanannu ne: ki daina, ki yi nadama, ki ƙudura ba za ki koma ba, in hakkin wani ne ki nemi yafiyarsa. In kin cika su, abin da ya rage miki shi ne kyautata wa Allah zato, wanda shi ma ibada ne. Ba a jiran a ga ko tuwon gobe zai ƙone kafin a san an karɓa.

Yayarki kuwa, ina kyautata mata zaton haushin abin da aka yi wa Inna ne ya sa ta faɗi haka, kuma tana da gaskiyar jin haushi. Kada ki yi gaba da ita. Sai dai wannan ɗabi'a ta karanta wa mutane musibarsu ta yi mana yawa. Mace ta yi ɓari, a ce ai dama bakinta bai da kyau. Kasuwa ta yi gobara, kafin hayaƙi ya lafa an gama yanke hukunci cewa tauye mudu ne, alhali a cikin masu kuka akwai wanda bai taɓa cin sisin kowa ba, ga kuma wayoyin wuta a saƙale kamar yadda kowa ya sani. Izina da kanka ake yi. Wanda ya ga abu ya sami ɗan'uwansa, nasa shi ne ya yi jaje, ya taimaka, ya duba nasa halin.

Maganar baki ba zan daɗe a kanta ba. Kambun baka gaskiya ne, ya tabbata a hadisi, maganinsa kuma sananne ne: azkar na safe da yamma, Falaƙi da Nasi, da rage tallan ni'ima. Ki yi su. Amma kada ki ɗauki wayarki ki bi sunayen waɗanda suka ga hoton kina zaɓar wadda za ki zarga. Kin yi asarar kaji, kada ki ƙara da ta maƙwabta.

Maigidanki ya fi su kusa da gaskiya, kuma da alama so yake hankalinki ya kwanta, ki gode masa. Ƙaddara ce, babu shakka. Kalmar "ki manta" ce ban yarda da ita ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mutuwar kajin ƙaddara ce da ta riga ta wuce, a nan "Allah ya ƙaddara, abin da ya so ya aikata" ke aiki, kuma an hana mu zama muna "da na sani". Sayen ƙanƙarar adana maganin rigakafi a zubin kaji na gaba shi ma ƙaddara ce, wadda aka bar miki a hannu.

Abin da mahaifinku ya koya muku kuwa, Allah ya kai haske kabarinsa, gado ne mai kyau, kada tsoro ya sa ki yar da shi. Alƙur'ani da kansa yana tura mu kallon abubuwan yau da kullum: raƙumi yadda aka halicce shi, ruwan sama yadda yake raya ƙasar da ta mutu, ƙudan zuma da gidansa. A Suratun Nahli ma cewa ya yi a cikin dabbobin ni'ima akwai abin lura gare ku, sannan ya kawo nono, yadda yake fitowa fari tas daga tsakanin tumbi da jini. Duk waɗannan ba musiba ba ne. Abubuwa ne da ke faruwa lami lafiya kowace rana har mun daina ganinsu. Ke kuwa tun rasuwar kajin nan abin da ya lalace kaɗai kike karantawa. Kin ƙirga tuwon da ya ƙone sau ɗaya, ba ki ƙirga wanda ya dahu ba. Kin rubuto mini zazzaɓin auta, ba ki ce mini ya warke ba, alhali daga yadda kika wuce maganar na gane ya tashi yana wasansa.

In darasin imani kike nema a kiwon nan, yana nan birjik, kuma ba mai firgitarwa ba ne. Kin ga ɗan tsako kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa, an ɗauko shi a kwali, yawanci tun daga Ibadan a mota, ba uwa ba kowa, amma ana sauke shi ya san ya tsoma baki a ruwa ya ɗaga kai sama. Wa ya koya masa? Kin ga yadda suke gaya miki halin da suke ciki ba da magana ba: in sun dunƙule a jikin kaskon gawayi sanyi suke ji, in sun watse jikin bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu ko'ina suna ci suna 'yar ƙara to lafiya. Kin kuma gano wani abu game da kanki, cewa kina iya tashi ƙarfe biyun dare cikin hunturu saboda abin da kika damu da shi. Mata da yawa sun ce ba sa iya tashin dare sai da kiwo ko goyo ya nuna musu suna iyawa. Kin san wadda ta shigo ta taya ki kwasar gawa da wadda ta leƙo ta katanga kawai. Kin ɗanɗana yadda dukiya ke zamewa cikin kwana biyar, don haka in wata ta zo miki da labarin karyewar jari ba za ki yi mata kallon malalaciya ba. Irin wannan karatun yana sa zuciya ta yi laushi, ba ya hana barci.

Wasu abubuwan kuma ba su da wani karatu da ya wuce nasu. Tuwo ya ƙone don wuta ta yi yawa hankalinki yana wani wuri. Waya ta faɗa ruwa don an ajiye ta a bakin baho. Wasu kuma suna da hikima amma ba a ba ki ita ba, ko ba yanzu ba. Annabi Musa (AS), da matsayinsa, ya ga an huda jirgi a gabansa bai san dalili ba sai da aka gaya masa a ƙarshen tafiya. Ba wajibi ba ne kowane dare ki kwanta kin warware ma'anar duk abin da ya faru da rana. Ki riƙe addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin da mijinta ya rasu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha. Roƙon lada ne da musanya, babu neman fassara a ciki.

Rashin barcin nan ya dame ni fiye da kajin. In bayan kin je wurin Inna ya ci gaba har ya haura sati biyu, ga faɗuwar gaba ba dalili, ga rashin son abinci, ko kika ga kina maimaita alwala da salla don shakka, ki gaya wa maigidanki ya raka ki asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini. Damuwa da waswasi ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne, kuma zuwa asibiti bai hana addu'a. Kafin nan ki rage sauraron guntayen wa'azin da ake yankowa a waya, waɗanda aka cire musu kai da ƙafa aka bar tsoratarwar kaɗai. Ki nemi malama ɗaya a Islamiyyarku mai ilimi da sanyin hali ki riƙa kai mata tambaya.

Sai batun komawa kiwo, don ina so ki koma. Ƙwayar gumboro tana da taurin rai, takan yi watanni a ɗakin da ba a tsabtace ba. Ki kwashe ɓuntun shinkafa ko dusar katakon da kika shimfiɗa gaba ɗaya, ki ƙone ko ki binne nesa da gida. Ki wanke ƙasa da bango da mazubin ruwa da na abinci, ki fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki bar ɗakin ba kowa aƙalla sati biyu. Kada ki haɗa sababbin tsaki da ragowar tsofaffin, kada kuma kajin gida su riƙa shiga. Ki fara da 25 ko 30, adadin da in ya tafi ba zai tafi da ke ba. Tun kafin su iso ki samu likitan dabbobi ya rubuta miki ranakun rigakafi, ki manna a bango. Ranar da za ki bayar ranar za ki saya, a zuba miki a fulas da ƙanƙara. Ki janye musu ruwa kamar awa ɗaya zuwa biyu don su ji ƙishi, ki haɗa da ruwan rijiya ko na burtsatse mai tsabta, ban da na famfo mai sinadarin kulorin, su shanye cikin awa biyu, da sassafe kafin rana ta yi zafi. In kin rufe ɗaki da leda saboda sanyi ki bar kafar iska a sama, hayaƙin gawayi shi kaɗai yana kashe tsaki. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika kashe da wanda ya mutu da ranar. In kika ga biyu ko uku sun takure rana ɗaya, ki kai gawa ko marar lafiyar wurin likita a ranar, kada ki tsaya gwada maganin da aka faɗa miki a zauren WhatsApp.

Uwar adashe kuma kada ki jira ranar zubi ta same ki hannu wofi. Ki je ki same ta tun yanzu ki gaya mata halin da ake ciki, ku tsara yadda za ki riƙa biya ko da kaɗan-kaɗan ne, don kuɗin da sauran mata ke jira hakkinsu ne. Ragowar 43 ɗin nan da suka tsumbure, in likita ya ce sun warke kuma kwanakin maganin da kika ba su sun fita daga jikinsu, ki sayar da su yadda suke ki rage bashin, kada ki ci gaba da zuba musu abinci kina jiran girman da ba lalle ya zo ba.